Prius mai kakkarwa da safe: an zargi batir, ashe ruwa ne ke shiga silinda

Motar Toyota Prius ce ƙirar 2011, zubi na uku kenan wanda aka fi sani da 2010 zuwa 2015, mai injin 1.8 da ake kira 2ZR-FXE, kuma ta haura kilomita 250,000 lokacin da aka kawo mana ita gareji. Mai ita dattijo ne mai kula da abinsa, a hannu ya saye ta, kuma kukansa guda ɗaya ne tak. Da safe in ya danna maɓallin tayarwa, da injin ya kama sai motar ta hau kakkarwa tana wani ƙara kwaram-kwaram daga ƙasan bonet har sitiyari na rawa a hannunsa, bayan ƴan daƙiƙu sai ta lafa, shikenan ta wuni lafiya lau, ba hayaƙi, ba rashin ƙarfi, mai ma ba ta ƙara sha ba. Da farko sai jefi-jefi take yi, daga baya ta koma kusan kullum, har fitilar inji ta kama.

Kafin ya zo wurinmu ya bi ta hannu biyu. Na farko ya sa kwamfuta ya ga P0301, wato silinda ta 1 tana mis, ba ta ƙona mai daidai, ya canza fulogi huɗu da kwayil ɗaya, kuma ni ban ga laifinsa a nan ba don fulogin dama sun isa canji, abin da ya rage masa shi ne da matsalar ta dawo bai tsaya ya tambayi kansa me ke jiƙa fulogin ba. Na biyun ne ya ɓata min rai gaskiya, ko bonet bai buɗe da kyau ba ya yanke hukunci wai babban batir ne ya mutu, a nemo wani. Haka ake yi wa masu haibrid kullum, wato motar da ke haɗa injin fetur da lantarki, duk abin da motar ta yi sai a ce batir, mutum ya kwashi kuɗi masu ciwo ya saya, gari ya waye motar ta ci gaba da rawarta. Dattijon nan saura ƙiris ya biya, ɗansa ne ya ce a ƙara jin ta bakin wani.

Na tambaye shi, "Baba, kana ƙara mata ruwa?" Ya ɗan yi shiru ya ce eh, amma ai kaɗan ne, lokaci-lokaci yake ganin ya sauka ƙasa da layi sai ya ɗan zuba, kuma bai taɓa ganin ɗigo a inda yake ajiye ta ba shi ya sa bai ɗauke shi a bakin komai ba. Na ce wane ruwa? Ya ce na famfo. Na ce hita fa, in ka kunna kana jin ƙarar ruwa na gudu a bayan dashbod? Ya ce wallahi yana ji, musamman in ya taka totur. Daga nan hankalina ya bar kan batir. Ruwan da ke raguwa ba a ganin inda yake zuba, to ciki yake tafiya, kuma wannan ƙulu-ƙulun na bayan dashbod iska ce ta samu wuri a hanyar ruwa.

Sai an fahimci yadda sanyaya motar nan take kafin a gane sauran bayanin. Abu uku ake sanyayawa kuma kowanne hanyarsa daban. Injin fetur yana da nasa ruwan da lagireto da tamostat da famfo, sai dai famfon nan na lantarki ne, injin zubi na uku ba shi da bel ko ɗaya. Inbata, wato akwatin nan mai kama da azurfa da ke gefen inji wanda ke ɗaga wutar batir daga volt 201.6 har zuwa 650 yana juya ta don motocin lantarkin da ke cikin giya, shi ma yana da nasa ruwan da ƴar robarsa da ƙaramin famfonsa, ba ya haɗuwa da na inji sam. Babban batir kuma iska ke sanyaya shi, akwai fanka da ke zuƙo iskar cikin mota ta wata ƴar taga a gefen kujerar baya. Mutane da yawa roba ɗaya kawai suka sani, ita suke dubawa, ɗayar sai ta shekara ba wanda ya kalle ta.

Abin da ya fi damuna da motar nan shi ne ba ta da agogon zafi a dashbod, babu allurar da za ka ga tana hawa a hankali ka ce kai yau lafiya kuwa, fitila ce kawai, kuma kafin ta kama zafin ya riga ya yi nisa. Ga shi injin yana mutuwa da kansa a danja da cunkoso ya ɗan huce, lantarki yana tura motar, don haka direba ba ya jin rauni a ƙafarsa. Mota ta gama-gari da tuni ta tona asirin kanta, wannan kuwa sai ta yi ta lallaɓawa watanni tana ɓoye ciwon.

Duk da haka mun fara da batir ɗin don a cire shi daga zargi, hankalin mai mota ya kwanta. Batir ɗin nikel ne, modul 28 ne a ciki, kwamfuta tana nuna su bibbiyu a matsayin bulok 14. Muka fita da motar ana kallon lambobin, a taka totur da ƙarfi a gani, a taka birki a gani, duk bulok ɗin suna sauka tare suna hawa tare, babu wanda ya zame ya bar ƴan uwansa, kuma babu P0A80 ko makamancinta a ajiye. Batir ya tsufa amma yana aikinsa. Lambobin da muka samu P0301 ce da P0300, na mis duka.

Sai muka koma kan ruwa. Akwai gwajin da ake yi da wani ruwa shuɗi, a ɗora bututunsa a bakin robar ruwan inji a zuƙo iskar da ke ciki, in akwai hayaƙin ƙonewa sai shuɗin ya koma ruwan ɗorawa. Namu bai canza sosai ba, ya ɗan yi kore-kore ne kawai, kuma a nan wasu ke cewa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa wadda ke hana ruwa shiga silinda, lafiya lau yake su rufe bonet. Gwajin nan in ya nuna to ya tabbata, amma in bai nuna ba bai wanke gasket ba, don a farkon lalacewa ƙofar ƴar mitsitsiya ce, wani lokacin ma in inji ya yi zafi ƙarfe ya buɗe sai ta toshe kanta. Don haka muka bar injin ya huce sarai, muka cire fulogi duka, muka ɗaura famfon gwaji muka ba hanyar ruwan matsi daidai abin da ke rubuce a murfin, muka bar ta ta kwana a haka.

Da safe allurar famfon gwajin ta sauka. Muka zura ƴar kyamarar nan mai waya ta ramin fulogi. Silinda ta 2 da 3 da 4 kan fistin ɗinsu baƙi ƙirin da gawayi yadda ya kamata tsohon inji ya kasance. Ta 1 kuwa fes, tana ƙyalli kamar kwanon da aka gama wankewa, tururi ne ya wanke ta. Da muka karkata kyamarar sama wajen da kan inji ya haɗu da bulok ɗin inji, ga ɗigo nan ɗaya ja-ja yana taruwa a bakin gasket, ya kumbura a hankali, ya gangaro ta jikin bangon silinda ya bar layi, wani ya fara taruwa a bayansa. Na kira Baba na miƙa masa wayar ya gani da idonsa, ya daɗe yana kallo sannan ya ce "ikon Allah, wannan ɗan abin ne?" Na ce shi ne, Baba.

Kakkarwar safiyar ga yadda take faruwa. In aka kashe mota da dare hanyar ruwa tana nan da matsinta, silinda kuma babu matsi, sai ruwan ya yi ta tsiyaya ciki har gari ya waye. Motar nan ba ta da kik irin na sauran motoci, ɗaya daga cikin motocin lantarkin da ke cikin giya ne, MG1, ke juya injin, kuma da ƙarfi yake juya shi. Silinda uku suna kamawa, ɗaya ta jiƙe ba ta kamawa, sai juyin ya zama da tangal-tangal, tsakanin inji da giya kuma akwai wani faranti mai sifirin da ke shanye girgiza, shi ne ke bugawa yana wannan ƙarar mai ban tsoro har mutum ya ɗauka giya ce ta watse. Da ruwan ya ƙone sai komai ya daidaita. Amma fa a lura, ba duk kakkarwar safe ce gasket ba, motar nan tana iya yin irinta in an tada ta cikin sanyi aka kashe nan take, laima ta taru a manifol. Bambancin shi ne waccan sau ɗaya ce ta wuce kuma ruwa ba ya raguwa.

Gano gasket rabin aiki ne, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya cinye shi. Injin nan yana da tsarin da ake kira EGR, yana ɗebo wani kaso na hayaƙin salansa, ya bi da shi ta cikin wata ƴar tukunyar ƙarfe da ruwan inji ke zagayawa don ya huce, ya wuce ta bawul, sannan ya shiga manifol ya rabu ta ƙananan ramuka huɗu, kowace silinda da nata. Amfanin hayaƙin shi ne rage zafin ƙonewa a cikin silinda, kuma kwamfutar injin tana tsara lokacin tartsatsin fulogi ne da lissafin cewa hayaƙin yana isa. Da muka ciro tukunyar na ɗaga ta saitin fitila na leƙa, ko ɗigon haske babu, ramukan sun cushe da gawayi mai tauri, ka ƙwanƙwasa ta a tebur baƙin gari na zubowa. Manifol kuma da muka juya shi, ramin silinda ta 1 ya toshe gam da wani baƙin abu mai danƙo, gawayi ne ya haɗu da tururin baƙin mai, na 2 saura ƙofar allura, na 3 da na 4 suna ɗan numfashi. Kuma duk wannan motar ba ta taɓa kawo P0401 ba, lambar da ke cewa hayaƙin EGR ya yi kaɗan, don ita kwamfuta jimillar abin da ke wucewa take aunawa, ba ta san wace silinda ce ta samu wace ce ta rasa ba.

A nan makanikai sun rabu. Wasu sun tsaya kan cewa toshewar EGR ce ke kashe gasket, silindar da ba ta samun hayaƙi tana ƙonewa da zafi fiye da sauran har gasket ya gaji ta wurin. Wasu suna cewa an ga motocin da ake wanke musu EGR a kai a kai kuma gasket ya tafi, su sun fi zargin yawan zafi da hucewa da injin haibrid ke yi saboda kunnawa da mutuwa, ga kuma famfon ruwa da ke rauni da tsufa. Ni dai abin da na gani a wannan motar shi ne silindar da raminta ya toshe ita ce gasket ɗinta ya fashe, kuma ban yarda a ce dace ne kawai ba. Amma ban tsaya nan ba, na ce a ciro famfon ma.

Famfon bai kawo lamba ba, P261B ce ke fitowa in ya samu matsala sosai, amma da muka buɗe shi abin da ke juyawa a ciki, mai rufin roba da maganaɗisu, ya kumbura ya tsage ta gefe, ga alamar gogayya a jikin gidansa, in ka juya da yatsa kana jin yana kamawa yana saki. Wato yana aiki amma ba ya tura ruwa yadda ake so, musamman a hawa ko doguwar tafiya. Ruwan da muka juye kuma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya tsinke. Ruwan asali na motar nan mai ruwan hoda ne, ƙa'idarsa a canza na inji a kilomita 160,000 karon farko, daga nan duk 80,000, kuma Baba bai san ko an taɓa canza shi ba tunda ya saya, ga ruwan famfo da ake ta ƙarawa yana kashe maganin hana tsatsar da ke ciki. To ka haɗa su, silinda mai zafi fiye da ƙima, famfo mai rauni, ruwa da ya gaji, shekaru sun taru. Babu wanda zan nuna da yatsa ni kaɗai in ce shi ne, kulawa ce ta yi ta zamewa daga hannu zuwa hannu.

Baba ya tambaye ni maganin nan da ake zubawa a lagireto ya toshe yoyo fa, wani ya ba shi shawara. Na ce kar ya kuskura. Abin yana iya ɓoye matsalar na ɗan lokaci, amma zai bi ya liƙe ƙananan hanyoyin hita da na tukunyar EGR, ranar da aka zo gyaran gaskiya aikin ya ninka. Wani kuma ya ce masa a cire tamostat a huta, wannan ma kuskure ne babba a haibrid, don kwamfuta tana jiran injin ya kai zafinsa kafin ta yarda ta kashe shi, in ba tamostat sai ya yi ta aiki yana shan mai yana tara gawayi. Zaɓi biyu ne na gaskiya, a canza gasket ko a sauke injin a ɗora wani, kuma abin da zai raba gardama shi ne ko konrod, wato sandar fistin, ya lanƙwashe. Ruwa ba ya matsuwa, in ya taru da yawa a silinda MG1 ya juya injin da ƙarfinsa, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, wani lokacin ta fasa bulok ta fito. Da muka cire kan injin muka auna tsayin da fistin na 1 ke kaiwa muka gwada da na 4 tunda tare suke hawa, daidai suke. Na ce Baba Allah Ya taimake ka, da ka ƙara wata biyu kana tada ta a haka wata maganar muke yi.

Aikin kansa ba gajere ba ne, sai an cire waifa da farantin da ke ƙarƙashinsu, a buɗe murfin sarƙa, a sauke sarƙar taimin, sannan kai ya fito. Ga wanda bai saba da haibrid ba, wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ɗauke da wutar babban batir ba abin wasa ba ne, kuma motar in tana kan READY, wato a kunne take ko da inji ya yi shiru, injin yana iya tashi da kansa hannunka na ciki, don haka a kashe, a cire kan ƙaramin batir, makulli ya yi nesa. Kan injin alminiyom ne, muka ɗora masa ƙarfen awo, iyakar karkacewar da aka yarda da ita milimita 0.05 ce, ya ɗan wuce, aka kai aka share shi kaɗan. Sabon gasket, sababbin kusoshin kai don irin masu miƙewa ne in an ɗaure, sabon famfo, sabon tamostat, sabon bawul ɗin PCV mai mayar da tururin baƙin mai cikin manifol. Tukunyar EGR ta sha jiƙo da wanki da ruwa mai ƙarfi har sai da haske ya riƙa wucewa ta kowane rami, manifol aka bi ramukansa huɗu da ɗan buroshi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya canza gasket ya mayar da EGR a toshe da tsohon famfo, ya sani motar za ta dawo masa, kuma mai ita zai ce aikin ne bai yi kyau ba.

Wurin zuba ruwa ma akwai inda ake faɗuwa. Injin haibrid ba ya tsayawa a sulo ya jira ka, da ya ɗan ɗumama sai ya mutu, iska kuma ta maƙale a ciki. Akwai yanayin gyara da ake sa motar ta hanyar taka totur da sauya giya a wani tsari, sai injin ya yi ta aiki ba ya mutuwa, a kunna hita, ana kallon zafin a kwamfuta har tamostat ya buɗe fanka ta tashi, ana ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa.

Tunda motar tana hannu muka duba sauran hanyoyin sanyaya biyun, ta inbata da ta batir. Ruwan inbata gwajinsa da sauƙi, a sa mota a READY a buɗe murfin ƴar robar a leƙa, in famfo na aiki za ka ga ruwan yana motsi. Nata yana motsi, muka dai juye muka sa sabo. Masu zubi na biyu, 2004 zuwa 2009, su ne suka fi sanin wannan famfon, lambarsa P0A93, har Toyota ta kira motocin a mayar a canza shi a 2012, kuma in ya tsaya a kan hanya motar tana iya rage ƙarfi ko ta mutu gaba ɗaya. Fankar batir kuwa da muka buɗe ta, fikafikanta sun cika da ƙura da zare da gashi har sun yi kauri, kuma Baba ya ce jikokinsa kan jingina jaka a daidai tagar. Muka wanke, na nuna masa wurin na ce a bar shi a buɗe kullum, zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batir ɗin da aka so a sa shi ya canza.

Kakkarwa ta tafi, ruwa ya tsaya a layinsa. Abu ɗaya ya rage wanda na gaya masa tun kafin mu ɗaure kai, injin yana ɗan shan baƙin mai ta ringi, sabon gasket ba ya gyara wannan, kuma man da ke ƙonewa shi ne zai sake cika EGR da gawayi. Buɗe ƙasan injin a wannan shekarun bai ga zai iya ba yanzu, ni ma ban matsa masa ba. Muka tsaya a kan zai riƙa zaro sandar mai duk sati yana dubawa, 0W-20 zai ci gaba da sawa kuma ba zai ja lokacin juye ba, robobin ruwa biyu zai duba da safe kafin ya tada mota, ruwan hoda kaɗai zai ƙara in da buƙata. Ɗansa ya saya masa ƴar na'urar nan da ake soka wa a ƙasan sitiyari tana turo zafin inji a waya, na ce in ya ga lambar tana wuce inda ta saba tsayawa a hawa ya sauka gefe ya kira ni, kar ya jira fitila. EGR kuma za a sake buɗe shi a duba in ta ƙara kilomita 50,000.